Wurin Mai Shi Anka Kai Shi

Shekara arba'in ina bin sawu. Na bi shanu daga Gwashi har cikin ƙasar Kebbi, na bi raƙumi, na bi ɓarawon akuya da ya ɗaura takalmansa gaba a baya don ya ruɗe ni. Amma ko a mafarki ban taɓa zaton za a ɗauko ni a bayan babur tun daga Bukkuyum zuwa Gummi don in bi sawun faifai ba. Da aka ce faifai ma na ɗauka na rufe ƙwaryar fura ne. Ashe mai ƙyallin nan ne da ake zura wa na'ura a ga mutane suna motsi. Abin da ba shi da kofato, ba ya kashi, ba ya karya ko tsinke a hanya, ta ina mutum zai fara?

Ranar Laraba ce da hantsi. Na tarar da ƙofar gidan da abin ya ɓata cike da jama'a, kowa ya taka inda ya ga dama. Maza sun shiga zaure sun fita, mata sun shiga jaje, har mai tallan fura ta ratsa tsakar gidan sau biyu. Sai da suka gama tattake duk abin da zan duba, sannan suka tuna da akwai wani Tanko mai bin sawu.

"Ku yi ta takawa," na ce musu. "Akwai wani lungu can bayan rumbu da ba ku taka ba, ku je ku ƙarasa."

Ko mutum ɗaya bai ji kunya ba.

Wadda ta aika a kira ni sunanta Mardiyya. 'Yar gidan ce, amma tun tana shekara huɗu aka tafi da ita Kano riƙo, bakinta kaf na Kanawa ne. Ta zaunar da ni a zaure ta yi min bayani. Shekara goma sha uku da suka wuce, bayan gubar dalma ta yi ɓarna a ƙauyukanmu, ta tara yara ta shirya wasan ban dariya don talabijin. Sunansa Tsakar Gidan Inna Zinariya. Wata masifaffiyar tsohuwa ce ke son daka dutsen zinariya a turmin gidanta, yaran gidan kuma kullum sai sun ɓoye mata taɓarya. Kashi ɗaya suka ɗauka na gwaji. Gidan talabijin ya riƙe shi wata biyu, ya dawo da shi ya ce babu fili, ba a taɓa nuna shi ba. Faifai ɗaya ya rage a duniya, shi ma ta ɗauka ya ɓata, sai watan jiya ta tsince shi a cikin tsofaffin littattafanta. Ta zo da shi ranar Litinin don a nuna wa mutane ranar Juma'a. Ta ajiye shi a kan taga a ɗakin gwaggonta, yau da safe babu shi.

"To ki sake wani wasan mana," na ce. "Yara sun ƙare ne a Gummi?"

Ta ɗaga labulen zaure ta nuna min wata mata zaune a kan tabarma a gindin bango, da ƙullin kayanta a gefe.

"Rakiya ke nan, daga Tungar Guru. Ɗanta Naziru yana cikin wasan, yana da shekara shida. Wata huɗu bayan mun ɗauka ya rasu. Ba ta da hotonsa ko ɗaya, Baba Tanko. Ni na aika mata ta zo. Ranar Asabar da safe za ta koma."

Na je na durƙusa daga nesa muka gaisa. Ba ta ɗago kai ba.

"Baba, ni ba rigima nika so ba," ta ce a hankali. "Da can in na rufe ido ina ganin shi. Yanzu rigarshi kaɗai nika gani. Fuskar ta ƙi zowa."

Na tashi na koma zaure. Raina ya ɓaci, don na san ba ni da sauran hanyar cewa a'a.

"Wa ke kwana a ɗakin?"

"Ni da Inna Lubabatu, gwaggona."

"Kin tambaye ta?"

"Na tambaye ta, ta ce wai an kai wa mai shi a Anka! Ni kuwa raina ya tashi, na ɗan ɗaga mata murya. Tun daga nan ta juya wa kowa baya."

Na leƙa ɗakin. Tsohuwa ce da ta haura tamanin, tana zaune ta fuskanci bango tana jan carbi. Na yi sallama sau uku, ta amsa wa Allah sallamarsa, ni ko kallo ban samu ba. Na san irinsu. In tsohuwar Gummi ta yi fushi, gara ka je ka yi hira da turmi.

"Wa ke Anka da zai ce faifan nasa ne?" na tambayi Mardiyya.

"Surajo," mutanen zaure suka amsa baki ɗaya, tun kafin ta buɗe baki. "Mai kyamara! Shi yaɗ ɗauki hoton!"

* * *

Wanda bai taɓa zama a bayan motar Anka tsakanin buhun albasa da tunkiya ba, kada ya yi min maganar haƙuri. Na isa bayan azahar, ƙugu kamar ba nawa ba.

Shagon Surajo na kusa da tasha, bangonsa duk hotunan amare. Na same shi kwance a kan benci, ƙafarsa ta dama an ɗaure ta da karare da tsumma tun daga idon sawu har gwiwa.

"Tun yaushe?" na ce, ina nuna ƙafar.

"Sati uku. Babur yak kayar da ni. Lafiya, Baba?"

Na duba ɗorin. Tsumman ya yi dauɗar sati uku, yatsun sun kumbura, sandar da yake dogarawa gindinta ko taɓon titi bai taɓa ba. Wannan mutum ko masallacin unguwarsu bai je ba, balle Gummi. Amma tunda an ce kawo masa aka yi, na faɗa masa abin da ya kawo ni.

Ya yunƙura zai tashi, ƙafar ta mayar da shi. "Ya ɓata? Innalillahi! Wa zai kawo min? Ni da nika jiran Juma'a a ɗauke ni a kai ni in gani?"

"Ba ka da wani a ajiye?"

Ya rufe fuska da tafin hannu. "Asalin kaset ɗin yana wurina. Da sunka ce ba za su nuna ba, na yi fushi, na ɗauki bikin wani ɗan kasuwa a kai. Auren ma wata bakwai yay yi."

Ni idan ina tambayar mutum ba fuskarsa nake kallo ba, fuska kowa ya iya gyara ta. Ƙafa nake kallo. Mai ƙarya yatsun ƙafarsa ba sa zama wuri ɗaya. Ƙafar Surajo mai lafiya ko motsi ba ta yi ba.

"Wa kake zaton ba ya son a ga wasan nan?"

Dariya ta kufce masa duk da halin da yake ciki. "Baba, ka san wa yaf fito a Inna Zinariya? Ba mace ba ce. Abdussalam ne. Da zani da ɗankwali da jan baki."

"Wane Abdussalam?"

"Naku na Bukkuyum. Mai Islamiyya."

Na riƙe baki. Mutumin da nake sallar Juma'a a bayansa idan liman ya yi tafiya.

* * *

Da safiyar Alhamis na same shi a ƙofar makarantarsa, da rawani da gemu har ƙirji. Da ya ji abin da ke tafe da ni, ya sallami ɗalibai, ya ja ni bayan aji inda ba kowa.

"Allah gafarta Malam, an ce ka iya ɗaura zani."

"Tanko, don Allah rage murya."

"Ina kake ranar Talata?"

Yatsun ƙafarsa suka fara tonon ƙasa a cikin takalmi. Na ce a raina, yauwa, ga ɓarawona, yau zan kwana gida.

"Na je Gummi," ya ce. "Ba ni ɓoye maka. Tun da naj ji Mardiyya ta zo da abin nan ban yi barcin kirki ba. Ƙuruciya ce, Tanko. Ina da 'ya'ya mata da sunka isa aure, ina da ɗalibai ɗari biyu. A nuna ni ina murguɗa baki ina bin yara da muciya? Na tahi in roƙe ta ta rufa min asiri."

"Sai ka ga faifai a kan taga."

"Ban shiga ɗakin ba. Zaure kaɗai na kai. Ina ɗaga labule nag ga matar nan zaune. Na gane ta. Ita ta riƙa kawo yaron a ƙafa tun daga bakin hanya, ta zauna can nesa har mu gama, ko kallon inda yake ba ta yi saboda kunyar ɗan fari. Da nag gan ta, na saki labulen na juya. Wallahi ko ruwa ban sha ba a garin."

Na kalli ƙafar. Ta tsaya cak. Na ƙara jira, ko za ta sake motsi, ta ƙi.

Na yi tsaki. Ba don shi ba, don kaina. Kwana biyu, gari biyu, mutum biyu masu gaskiya, ni kuma ba abin da na riƙe sai ciwon baya.

"Gobe da safe ka zo Gummi," na ce masa. "Ka zo da rawaninka, zai yi maka amfani."

* * *

Na koma Gummi da la'asar na tarar gari ya riga ya yanke hukunci ba tare da ni ba. Tunda ba Surajo ba ne, in ji masu zaman ƙofar gida, ai sai wanda ya fi kowa son faifan. Wa ya fi kowa so? Baƙuwar Tungar Guru. Magana ta yi ta yawo har ta shiga cikin gida.

Ina shiga na ga Rakiya ta kwance ƙullinta a tsakar gida, a gaban mata sun fi goma. Zani biyu, hijabi, ɗan kwano, da ƙullin garin gero. Ta shimfiɗa su ɗaya bayan ɗaya, ta koma gefe ta tsaya.

Ban san lokacin da na ɗaga sandata ba. "Ku fita! Kaf ɗinku! Mace ta baro ƙauyensu don ta ga fuskar ɗanta, ku kuma abin da kuka iya ke nan? Ku da ko allura ta faɗi a ɗakinku sai kun kira maƙwabta!"

Suka watse suna gunaguni. Mardiyya na tsaye tana hawaye, tana taya Rakiya naɗe kaya. Na kira ta zaure.

"Zauna. Abin da ya kamata in yi tun jiya ne ban yi ba. Faɗa min abin da Inna ta ce. Ba fassararki nake so ba. Yadda ya fito daga bakinta."

Ta share ido ta yi tunani. "Na ce, Inna ina faifan da na ajiye a nan? Sai ta ce, wurin mai shi Anka kai shi."

"Sake faɗa."

"Wurin mai shi Anka kai shi."

Na cire hulata na ajiye a gwiwa. Na daɗe ina kallon rufin zauren ina neman haƙuri daga Allah.

"'Yar nan, shekararki nawa a Kano?"

"Talatin da biyar. Me ya faru?"

"Mu nan, abin da ku kuke cewa aka, mu anka muke cewa. Anka yi, anka ce, anka kai. Wurin mai shi aka kai shi, abin da tsohuwa ta faɗa miki ke nan. Ba ta ambaci wani gari ba! Kin sa na shiga motar albasa, kin sa na je na tsitsiye gurgu, saboda ba ki jin Hausar gidan ubanki!"

Ta dafe ƙirji. "Wayyo Allah. Shi ya sa da na ce mata kin san nisan Anka kuwa, ta kalle ni kamar na haukace."

Ni ma ban kuɓuta ba. Da na tambaya haka tun jiya, da ban je ko'ina ba. Amma wannan ban faɗa mata ba.

"To amma wane ne mai shi?" ta ce. "Ni ce mai shi!"

"Tsohuwa ba za ta ɗauki kayanki ta ba wani haka kawai ba. Wani abu ta gani. Akwai shaida a jikinsa? Mu ko saniya ce sai mun duba tsagar kunne."

"Rubutu ne kawai. Kalma ɗaya, ni na rubuta da baƙar tawada."

"Inna ta yi boko?"

"Ko alif na boko ba ta sani ba."

"Ni ma haka. Zana min a ƙasa."

Ta sunkuya ta zana da yatsa. Alama biyar ce. Sanda mai ƙullutu a ka, sanda tsaye ita kaɗai, sanda mai ƙafa ɗaya, zobe, sai sanda mai ɗauke da itace a ka. Ban iya karatu ba, amma abin da idona ya gani sau ɗaya ba ya ɓace min. Na taɓa ganin waɗannan biyar ɗin, a jere haka, da jan fenti.

"Me yake nufi?"

"A aikinmu haka ake kiran kashin gwaji da Turanci. Failot."

Na tashi na fita waje. A jikin bangon gidan, daidai tagar ɗakin Inna, akwai wurin da ƙasa ta yi baƙi da ɗigon mai, da sawun taya huɗu, ta baya ta hagu ta cinye sumul. Wannan ne kaɗai sawun da jama'ar Gummi ba su iya tattakewa ba.

"Motar wa ke kwana a nan?" na tambayi wani mai faci a gefe.

"Ta Kamaluddeen ce, maƙwabcinsu. Ya tahi kai kaya tun jiya da sassafe, sai gobe shika dawowa."

"Wace mota ce ta ɗauko Mardiyya da kayanta daga tasha ranar Litinin?"

"Ita ce mana. Ai ka san ta, a-kori-kurar nan da ke zuwa kasuwarku."

Na san ta. Sau biyu ta kusa take ni.

* * *

Ranar Juma'a da hantsi mai unguwa ya tara kowa a zaurensa. An kawo Surajo da sandarsa, Malam Abdussalam ya zauna a lungu yana ta gyara rawani, Rakiya na bakin ƙofa daga ciki. Masu zargin jiya duk sun zo, sun yi tsit kamar ba su ba. Inna Lubabatu ma an kawo ta, ta zauna ta ba mu gefe.

"Ranka shi daɗe," na ce wa mai unguwa, "kafin komai akwai mai neman gafara."

Mardiyya ta rarrafa har gaban tsohuwar ta durƙusa. "Inna, na yi laifi. Ban fahimci maganarki ba, na yi miki tsawa a gaban mutane. Ki yafe min."

Inna ta bar ta a durƙushe har sai da ta kai ƙarshen carbinta. Sannan ta juyo.

"Ni da nay yi wa ubanki wanka, ke ce za ki yi min ihu? Na hwaɗa miki gaskiya, kin tashi kina kiran sunayen garuruwa."

"Inna," na ce, "wa anka kai mawa?"

"Mai shi mana! Ina shara nag ga abu a kan taga da shaidar yaron nan a jiki, irin wadda ke bayan motarshi. Shekara shida ina kallonta ta tagata. Nac ce ɗiyag ga ta haɗo da kayan mutane garin sauke kaya. Ni kayan wani ba ya kwana biyu a ɗakina. Yana ɗumama mota na miƙa mashi ta taga."

Daidai nan muka ji ƙarar mota kamar ana jan garwa a kan dutse. Aka fita aka shigo da direban, wani siriri mai jan ido, da ƙurar hanya har gira. Sunansa Kamaluddeen, amma ko uwarsa ta daina kiransa haka. Saboda yadda yake gudu kamar zai tashi sama, duk tashoshin ƙasar nan Failot suke ce masa, wato matuƙin jirgin sama, shi kuma ya sa an rubuta masa a bayan mota.

"Failot," na ce, "Inna ta ba ka faifai shekaranjiya?"

"Awo, ta ba ni. Da sunana a jiki. Nac ce wani masoyi ne yay yi min waƙa."

"Ina yake?"

"Ai banza ne, Baba. Na sa a rediyon mota, ko tari bai yi ba."

"Na kallo ne, ba na ji ba!" Surajo ya daka masa tsawa daga kan benci. "Ina ka kai shi?"

Failot ya kalli fuskokin mutane, ya fara gane akwai magana. Muryarsa ta yi ƙasa.

"Yana gona. Shinkafata ta fara nuna, tsuntsaye sun dame ni, shi ne na biya na rataya shi kafin in kama hanya."

Na ji Mardiyya ta ce wani abu da ba zan maimaita ba.

* * *

Duk wanda ya san fadamar Gummi lokacin da shinkafa ta fitar da kai ya san yadda ake yi. Ana ja igiya daga wannan kara zuwa wancan, a rataya matattun faya-fayai, iska na juya su, ƙyallinsu na korar tsuntsu. Da muka isa gonar Failot, nasa kaɗai sun fi hamsin, suna ta walƙiya a rana.

"Wanne ne?" in ji mai unguwa.

"Na manta, ranka shi daɗe."

Nan dai, a ƙarshe, aka zo aikina. Na ce kowa ya tsaya a kan kunyar gona, wanda ya sa ƙafa a laka zan sa masa sanda. Sawun Failot na shekaranjiya yana nan, gefensa ya fara bushewa, ya bi ta gabas ya tsaya a igiya ta uku, inda ya yi ɗage har dugadugansa suka bar ƙasa. Na miƙa hannu na kamo faifan da ke saman wurin. Alama biyar, baƙar tawada.

Amma a gefensa, kusa da baki, akwai huda mai ƙonannen gefe, da zare a ciki.

"Ga rami a tsakiya, wanda anka yi shi da shi," na ce wa Failot. "Mi ya kai ka huda wani?"

"In an rataya ta tsakiya ba ya juyawa da kyau. Ƙusa na gasa."

Da muka kai wa Surajo, ya goge shi da gefen rigarsa, ya ɗaga shi a haske ya daɗe yana dubawa. Ya ce irin wannan daga tsakiya yake fara karantawa ya yi waje. Farkon wasan zai yi. Ƙarshen ne ƙusa ta ci.

"Yaron a ina yake fitowa?" na tambayi Mardiyya a hankali.

Ba ta kalle ni ba. "Can wajen ƙarshe."

* * *

Bayan la'asar aka rufe ƙofar zauren mai unguwa da tabarma, aka tayar da janareto. Mutane sun cika har waje. An sa Rakiya a gaba, ta zauna ta naɗe ƙafa, hannuwanta a cikin hijabi.

Hoto ya fito. Ga tsakar gida, ga turmi, sai ga Inna Zinariya ta fito da zani ja tana murguɗa baki tana neman taɓarya. Zauren ya fashe da dariya. Malam Abdussalam ya ja rawani ya rufe fuska, amma ina ganin kafaɗunsa suna rawa. Har Inna Lubabatu ta ce, "Wannan mata ba ta da kunya," aka sake kwashewa. Gaskiya wasan ya yi kyau. Wanda ya ce babu fili, Allah ya isa tsakaninsa da yaran ƙasar nan.

Ni ban yi dariya sosai ba, Rakiya nake kallo. Yara suna shiga suna fita a hoton, ita ko motsi. Can sai hoton ya fara tsalle. Murya ta yanke, ta dawo, ta sake yankewa. Surajo ya fara salati a hankali. Fuskar Inna Zinariya ta farfashe ta haɗu. Na ji Mardiyya a bayana tana cewa, "Saura kaɗan, ya Allah, saura kaɗan."

Sai ga wani ɗan yaro ya leƙo daga bayan rumbu, yana jan taɓaryar da ta fi shi tsawo. Riga shuɗiya, kai an yi masa aski tas. Ya tako sau biyu, ya juyo ya kalli kyamara, abin da na tabbata an hana shi, ya washe baki zai yi magana.

Hoton ya tsaya a nan. Na'urar ta yi ta ƙara tana neman gaba, babu gaba.

Surajo ya miƙa hannu zai danna wani abu.

"Kada ka taɓa," in ji Rakiya.

Ban taɓa jin muryarta da ƙarfi haka ba. Ta matsa a kan gwiwoyinta har fuskarta ta kusa taɓa gilashin. Ta daɗe tana kallo, daga goshi zuwa kunne, daga kunne zuwa haɓa. Sannan ta fito da hannu daga hijabi ta ɗora yatsa a kan giɓin da ke bakinsa.

"Ashe haƙorin nan bai kai ga fitowa ba," ta ce.

Mutane suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya, kowa da takalminsa a hannu. Janareto ya fara shaƙewa, mai ya kusa ƙarewa. Ba wanda ya ce wa Failot komai. Ya fita da gudu, ya zuƙo mai daga tankin motarsa da bakinsa, ya zo ya ɗura. Har aka kira magariba tana nan zaune, ba wanda ya kashe na'urar.